Mai gadin da ba ya barci a cikin kwamfuta

Ranar da na fara koyon rubuta manhajar sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafukan intanet, na ɓata awa guda ina neman kuskuren da babu shi. Na gyara fayil, na adana, amma shafin ya ƙi canzawa. Ashe sabar ba ta san na taɓa komai ba, da tsohon rubutun take aiki.

Maganin wannan shi ne a sa wa fayiloli mai gadi, kuma hanya biyu ce. Ta farko, manhaja ta riƙa leƙa fayil lokaci-lokaci, kamar ɗalibin da ke zarya gaban allon sanarwa ko sakamako ya fito. A Node.js, umarnin fs.watchFile kan leƙa kusan duk bayan daƙiƙa 5. Idan fayilolin dubbai ne, sai kwamfuta ta galabaita.

Ta biyu, manhaja ta zauna abinta, tsarin kwamfutar ne zai sanar da ita da zarar an ƙirƙiri fayil, an gyara ko an goge. Linux na yin haka da inotify tun 2005, kwamfutocin Apple kuma da FSEvents.

Sai dai a kula: adanawa ɗaya kan jawo sanarwa biyu ko uku, wani lokacin ma tun ba a gama rubuta fayil ɗin ba. Shi ya sa gwanaye ke sa manhaja ta ɗan dakata kafin ta karanta.

Yanzu da nodemon nake aiki: ina adanawa, sabar ta sake tashi da kanta. Idan akwai ɗakin kwamfuta a makarantarku, ku gwada.