Ɗigon Ruwa Mafi Ƙanƙanta

Ran nan ina koyarwa a Tungan Maje sai wani yaro ya tambaye ni, ya ce, "Malam, ruwa yana iya ƙanƙancewa har ya daina zama ruwa?" Na ce masa manyan masana ma suna kan wannan tambaya. Ga abin da na bayyana masa, ko ya amfani 'yan'uwana masu shirin shiga aji.

A kan iyakar Suwizalan da Faransa, kusa da birnin Jeniba, ma'aikatar CERN tana da wani rami zagayayye a ƙarƙashin ƙasa, tsawonsa kilomita 27. A ciki ake koro furoton, watau ƙwayar da ke cikin cibiyar atom, da gudu kusan na haske, a gwara su. In sun yi karo sai waɗansu ƙananan ƙwayoyi su fantsamo.

Tun 2005 masanan Brookhaven ta Amurka suka ba da labari cewa in an gwara cibiyoyin zinariya, abin da ya narke yakan malala kamar ruwa. To, cibiyar zinariya tana da ƙwayoyi 197, akwai taron da zai yi turereniya. Furoton biyu kuwa, an zaci sun yi kaɗan.

Amma a watan Satumba na shekarar da ba a manta ba, watau 2010, masu aiki da na'urar CMS suka ba da labarin wani abu da suka lura da shi. A karon da ya fid da ƙwayoyi fiye da 110, ƙwayoyin da suka yi nisa da juna sukan nufi gefe guda. Ku duba kasuwar Zuba. In ka ga mutum a bakin kasuwa, da wani can ƙarshenta, ba su san juna ba amma duk sun sheƙa gabas, ka san abu ɗaya ya tunkuɗo su. A 2012 aka sāke ganin haka da aka gwara furoton da cibiyar dalma.

Waɗansu masana sun ce ɗan ɗigo ne ya samu, mai siffar ƙwallon dabino, ya fi matsowa ta wajen da ya tsuke. Waɗansu kuwa sun ce tsarin yana nan cikin furoton tun kafin karo.

Saboda haka, in yaro ya kawo irin wannan tambaya, kada mu kwaɓe shi. Mu gaya masa inda sani ya tsaya, ko Allah ya sa shi ne zai ƙara.