Daga Alƙahira zuwa Cape Town a kan keke: abin da ke haɗa kan ayari

A watan Janairun 2003 wasu mutum 33 suka taru a gindin dalar Giza da ke gefen Alƙahira, kowa riƙe da kekensa, da niyyar tuƙawa har Cape Town a ƙarshen kudancin Afirka. Wani ɗan Kanada mai suna Henry Gold ne ya jagoranci shirya tafiyar, aka raɗa mata suna Tour d'Afrique. A shekarun baya nisanta ya kai kimanin kilomita 12,000, tana cin wata huɗu, kuma hanyar da aka saba bi ta ratsa ƙasashe goma: Masar, Sudan, Habasha, Kenya, Tanzaniya, Malawi, Zambiya, Botswana, Namibiya da Afirka ta Kudu. Mai kallo daga nesa yakan ɗauka ƙarfin cinya ne ke kai mutum ƙarshen irin wannan tafiya. Ƙarfin yana da amfaninsa, amma abin da ke riƙe ayarin shi ne ƙananan hidimomin yau da kullum da suke tilasta wa baƙin juna dogaro da juna, kuma daga nan zumuncin da ake yawan yabawa yake tsirowa.

A duba yadda yini guda yake. Tun da duku-duku ake tashi, a naɗe tanti da raɓa a jikinsa, a jefa jaka cikin motar kaya, a sha kunun alkama ko a ci burodi, sannan a hau hanya kafin rana ta buɗe ido. Yawanci akan yi kilomita 120 ko kusa da haka. A tsakiyar hanya wata motar tana jira da abincin rana, da la'asar kuma a yada zango, sau da yawa a fili fetal inda babu famfo balle makewayi. Sai gyara: a goge kaca a sa mata mai, a nemo ƙayar da ta huda taya, a yi faci, a ɗaure birki. Kafin abincin dare akan taru a ji bayanin hanyar gobe. Gobe ma haka, jibi ma haka. Wanda yake likita a garinsu da wanda ya ajiye karatu ya taho, layi ɗaya suke bi da kwano a hannu, kuma kuɗin aljihun wani ba ya rage masa ƙurjin da sirdi ke fitarwa. Idan mako uku ya wuce kowa ya ga kowa cikin zawo, ko kuka, ko fushin yunwa, ba sauran abin ɓoyewa.

Ita kanta iska tana da hannu a wannan haɗin kai. Mai keken da ya laɓe daf da bayan wani yana iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, domin na gaba ne ke tsaga masa iska. Saboda haka a shimfiɗaɗɗun hanyoyi irin na Botswana, inda yini mafi tsawo ya haura kilomita 200, mutane kan jeru, na gaba ya ja na ɗan lokaci, ya koma baya, wani ya karɓa. Ba a rubuta wannan a takarda ba, amma wanda ya saba maƙalewa a baya bai taɓa karɓar gaba ba, kafin dare sunansa ya zaga zango. Tayarka tana tazarar taku ɗaya da ta wanda ke gabanka, in ya ga rami bai nuna maka da hannu ba, ƙasa za ka sha. Amanar da aka gwada ta haka sau ɗari a yini ta fi wadda aka ɗauka da baki ƙarfi. Tsarin ya yi kama da na ayarin fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, inda madugu ke tsara zango, kowa kuma ya san tsirarsa tana hannun na kusa da shi.

Akwai masu cewa wannan duk wasan masu kuɗi ne, kuma ba su rasa hujja ba. Kuɗin shiga dubban daloli ne, akasarin mahalarta daga Turai da Arewacin Amurka suke, akwai mai dafa abinci da makaniki da ma'aikacin lafiya, ga mota ga wanda ya gaji. Manomin Malawi da ke ɗora buhunan gawayi a kan keke mara giya ya fi su sanin wahalar feda, kuma ba mai ɗaukarsa hoto yana yaba masa. Sai dai kuɗi bai rage ko taku ɗaya daga hawan kwazazzabon Shuɗin Nilu a Habasha ba, inda hanya ke tashi sama da mita dubu cikin kilomita ashirin. Bai kuma lallashe duwatsun da ke tsakanin Moyale da Marsabit a arewacin Kenya ba, kafin a shimfiɗa wa hanyar kwalta. Abin da kuɗin ya saya shi ne abinci da tsari. Wanda zai tsaya da kai cikin zafin hamadar Nubiya ya raba ruwan gorarsa biyu ba ya cikin rasit.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: cewa zumuncin dole ne, kuma cike yake da husuma. Gaskiya ne ana faɗa, a kan munsharin maƙwabcin tanti, a kan wanda ya ɗebi abinci sau biyu kafin na baya su iso, a kan masu tsere da ke raina masu tafiya a hankali. Akwai ma wata daraja da ake ba wanda ya tuƙa hanyar kakaf bai taɓa shiga mota ba, kuma kwaɗayinta kan sa wasu su ƙi tsayawa taimakon kowa. Amma harshe da haƙori ma sukan saɓa. A gari, in kun yi cacar baki da mutum, kana iya ƙaurace masa shekara. A hanyar Dongola zuwa Khartum, gobe da safe shi ne mai famfon da kake buƙata, don haka dole a shirya kafin barci.

Darasin ma ba a cikin ayarin kaɗai suke ɗaukarsa ba. Shekaru da yawa masu wannan tafiya sun fi yabon Sudan a kan sauran ƙasashe, saboda randunan ruwa da ake ajiyewa a bakin hanya don matafiyi, da masu shayin da kan ƙi karɓar kuɗin baƙo. Yaƙin da ya ɓarke a ƙasar a watan Afrilun 2023 ya toshe wannan ɓangare na hanyar, kuma da yawa daga mutanen da suka shayar da su yanzu su ne ke kan hanya suna neman mai ba su ruwa.