Ducati a ƙofar gida: Kafin ka canza salansa, tuna da kunnenka da na maƙwabta

Idan kana zaune a Unguwar Rimi, Malali ko Unguwar Sarki, ba sai an yi maka bayanin ƙarar babban babur ba. Da yamma idan rana ta yi sanyi, ko bayan isha'i lokacin da titi ya rage cunkoso, sai ka jiyo su tun daga titin Isa Kaita, su bi Ali Akilu, har su haye gadar Kawo. Akwai na Japan, akwai na Jamus, amma wanda ya fi ɗaukar ido shi ne jan nan na Italiya, wato Ducati. Wataƙila kai ne mai shi. Wataƙila kuma mijinki ne, ko ɗanki, ko ƙaninki da ya daɗe yana tara kuɗi. Ko ma wane ne, da wuya babur ya yi wata uku a gida ba a fara zancen canza masa salansa ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba na cikin masu ganin duk mai hawa irin wannan babur a matsayin ɗan ganganci. Abin da nake so mu duba shi ne wannan zaɓi guda ɗaya, domin salansa ce kaɗai a jikin babur da mutum ɗaya ke saya amma unguwa guda ke ji.

Wane irin babur ka ajiye?

An kafa kamfanin Ducati a birnin Bologna a 1926, kuma da kayan rediyo ya fara, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga harkar babura. Tun 2012 yana ƙarƙashin Audi na Jamus. Samfurinsa Panigale V4 da ya fito a 2018 yana da inji mai cc 1,103 da ƙarfin doki 214. Kwatanta da Boxer da muka saba gani a lunguna, wanda ƙarfinsa bai kai doki 10 ba. Ke nan tun daga kamfani babur ɗin ya riga ya fi ƙarfin duk wani titi da ke cikin garin nan.

Kuma inji ne mai son kulawa. Bawul ɗinsa yana da tsari na musamman da ba kowane bakanike ya iya ba, ana kuma duba shi duk bayan kilomita 24,000. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kafin ka ware kuɗin ado, ka tabbata ka ware na sabis, na taya da na birki.

Salansa iri biyu ce

Ta farko ita ce canza tukunyar ƙarshe kaɗai, a bar bututun da ya fito daga inji yadda yake. Tana rage nauyi kaɗan, tana gyara murya, kuma a yawancin babura ba ta taɓa matatar hayaƙi, wadda makanikanmu ke kira "indomi". Ƙarfin da take ƙarawa ɗan kaɗan ne, ba abin da za ka ji a jikinka tsakanin Unguwar Dosa da Kasuwar Sheikh Gumi ba.

Ta biyu ita ce canza komai tun daga bakin inji har ƙarshe. Ita ce ta fi tsada, ta fi rage nauyi, ta fi ƙara ƙarfi. Amma yawancinsu an cire musu matatar hayaƙi, kuma kamfanonin da kansu suna rubutawa a jikin takardarsu cewa don filin tsere aka yi su. Sannan dole a sake saita kwamfutar babur ta dace da sabon numfashin injin. Idan ba a yi ba, man da ke shiga ba zai dace da iskar ba, inji ya riƙa ɗaukar zafi fiye da ƙima. Ducati kuwa dama an san shi da zafi, balle a ce watan Maris ko Afrilu ne, kana tsaye a cunkoson titin Ahmadu Bello.

Sunayen da za ka fi ji su ne Termignoni, kamfanin Italiya da aka kafa a 1969 wanda ya daɗe yana aiki da Ducati, sai Arrow da SC-Project, su ma na Italiya, sai Akrapovič na ƙasar Sulobeniya. Kowannensu yana yin ta titi, yana yin ta tsere. Ta titi tana ɗauke da hatimin amincewar Turai, harafin E da lambobi a jikin ƙarfen, kuma a cikin bakinta akwai ɗan bututun rage ƙara. Wadda aka yi da titaniyom ta fi rashin nauyi, ta ƙarfen da ba ya tsatsa ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin gyara. Ka kula da jabu, domin sun cika shagunan intanet da tambarin manyan kamfanoni. Araha ba ta ado. Haka nan, duk da gwanintar masu walda na Panteka, yanke salansar kamfani a fasa cikinta don ta ƙara kuka ba gyara ba ne, ɓarna ce.

Abin da ƙara ke yi wa kunne

A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ne ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi mai sauƙi ne: kunne yana jure desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu. A 88 awa 4 ne, a 94 awa 1, a 100 minti 15 kacal. Salansar tsere da aka cire wa bututun rage ƙara takan kai 100 ko ta wuce idan an auna kusa da ita. Ƙara a kan haka kukan iska a cikin hular kwano idan ana gudu a hanyar Zariya.

Matsalar ba ta zuwa da ciwo. Alamar farko ita ce ka sauka daga babur kana jin kunne yana ƙugi ko ya toshe. Daga baya sai ka fara cewa "na'am?" sau biyu a wajen ɗaurin aure, ko iyali su fara ƙorafin ka cika ƙure talabijin. Mu a Kaduna mun yi sa'a, Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa tana cikin garinmu, kuma gwajin ji ba ya ɗaukar lokaci. Amma gwaji yana nuna abin da aka rasa ne, ba ya dawo da shi.

Wasu kan ce ƙarar ce ke kare su, don direba ya san suna tafe. Ka duba inda bakin salansa ke kallo: baya. Direban da zai sha gabanka yana gaba, gilashinsa a rufe, rediyonsa a kunne. Wanda ke shan ƙarar shi ne na bayanka da na cikin gida. Fitila, riga mai haske da rage gudu a mahaɗa sun fi ta amfani nesa ba kusa ba.

Waɗanda ba su saya ba amma suna biya

Duk wanda ya taɓa aikin dare a asibiti ya san wahalar da ake sha kafin mai ciwo ya samu barci, ya kuma san yadda babur ɗaya ke tayar da ɗaki guda da ƙarfe 1 na dare. Haka abin yake ga mai jego da jaririnta, da tsoho mai hawan jini, da ɗalibar da za ta rubuta jarrabawa da safe. Akwai kuma fashe-fashen da salansar da aka buɗe ke yi idan an saki totur. A wani gari wasa ne. A Kaduna, garin da ya san ƙarar bindiga, uwa ce za ta zabura ta fara ƙirga 'ya'yanta.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Hukumar kare muhalli ta NESREA tana da ƙa'idojin taƙaita ƙara tun 2009, kuma babur mai ruri shi ne farkon wanda jami'an KASTLEA da na kiyaye haɗurra ke juyowa su kalla. Amma kafin doka akwai haƙƙin maƙwabtaka, wanda kowannenmu ya taso yana ji a gida da makaranta.

Zuwa gare ki, uwargida

Abu biyu ne suka shafi cikin gidanki kai tsaye. Na farko ƙuna. Bututun babban babur yana kaiwa ɗaruruwan digiri na zafi, kuma yana daɗewa bai huce ba bayan an kashe inji. Yaro kuwa jan abu mai sheƙi yake nufa da gudu. A ajiye babur inda yara ba sa kaiwa, kada kuma a yarda da salansar da ba ta da marufin kare zafi. Idan tsautsayi ya faru, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana zuba na minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai ko manja. Kada a fasa ƙurjin. A rufe da tsumma mai tsabta, a kai asibiti idan wurin ya kai tafin hannun yaron ko yana kan gaɓa.

Na biyu hayaƙi. Babur da aka cire wa matata yana fitar da iskar nan mai guba marar wari, irin wadda ke kashe iyali idan an kwana da janareta a cikin gida. Kada a ɗumama inji a rufaffen gareji ko a zaure.

To me za a saya?

Idan har za ka canza, ka zaɓi tukunyar ƙarshe ta asali mai hatimin titi, ka bar bututun rage ƙara a cikinta, ka bar matatar hayaƙi. Ka ba wanda ya san kwamfutar Ducati ya ɗaura, ka kuma adana salansar kamfani, don ranar sayarwa za ta ɗaga maka farashi. Kafin wannan duka, ka sayi hular kwano mai rufe fuska gaba ɗaya, safar hannu, jaket mai kariya, da abin toshe kunne don doguwar tafiya. Idan ka shigo unguwa da dare, ka sauke totur tun daga bakin layi.

Muryar Ducati tana da daɗi ko ba a fasa mata maƙogwaro ba. Hausawa sun ce ganga in ta cika zaƙi ta kusa fashewa. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya, Ya bar maka kunnen da za ka ji sallamar jikokinka.