Dajin Taraba da Ƙananan Hukumomi: Wa Ke Tsaron Abin da Ya Rage?

Duk wanda ya bi hanyar Jalingo zuwa Bali wajajen 2015 ba zai manta da tireloli ba. A Garba Chede da ƙauyukan kewaye, gungumen madobiya ne jibge a bakin titi, ana jiran lodi zuwa Legas, daga can jirgin ruwa ya kwashe su zuwa ƙasar Sin. Madrid 'yan kasuwa ke kiran itacen. Samari suka ajiye fartanya suka ɗauki injin sara, kuɗi suka shigo, aka sayi babura, aka yi aure. Ba a jima ba manyan bishiyoyi suka ƙare a kusa, masu sara suka nausa daji har suka doshi gandun Gashaka-Gumti.

A farkon 2017 madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. Kafin nan an riga an yi ɓarna. Madobiya tana daɗewa kafin ta girma, ga shi ganyenta makiyaya ke sassabo wa shanu da rani.

To, ina ƙananan hukumomi suke a lokacin? Taraba, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar jihar Gongola ranar 27 ga Agusta, 1991, tana da guda 16, kuma babu bishiyar da aka kayar da ba a ƙasar ɗayansu take ba. Kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa musu kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu da kwashe shara, ya kuma ce su sa hannu wajen raya noma da albarkatun ƙasa, ban da haƙar ma'adinai. Dokar filaye ta 1978 ta ba su ikon ba da fili a karkara, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Wannan iko ba ƙarami ba ne, domin wanda ke yanka gona a bakin kurmi shi ke yanke wa dabbobin kurmin hukunci.

Matsalar tana wajen ma'aikata. A sakatariyar ƙaramar hukuma, harkar daji ɗan reshe ce a ƙarƙashin sashen noma. Manyan ma'aikata hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke ɗaukarsu, ita ke yi musu canjin wurin aiki. Albashi, musamman na malaman firamare, shi ke lashe kaso mai tsoka na kuɗin wata. Malamin daji kuwa, in babu babur babu mai, aikinsa a kan benci yake ƙarewa. Abin takaici ne a ce shingen karɓar haraji ya fi ma'aikacin sintiri saurin samuwa.

Gashaka-Gumti, gandu mafi girma a Nijeriya, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 6,000, na gwamnatin tarayya ne, hedikwatarsa tana Serti. Akwai ɓauna, dorina da birin cimfanzi a ciki, kuma a 2017 hukumar gandun ta ƙulla yarjejeniya da gidauniyar Africa Nature Investors don ƙarfafa sintiri. Amma akwai ƙauyuka da rugage a cikin gandun da gefensa. In babu rijiya, babu makaranta, babu ɗakin shan magani, mutum zai nemi abin rufin asiri a tarko da gatari. Waɗannan hidimomi kuwa a wuyan ƙaramar hukuma suke.

Jalingo kanta ba ta tsira ba. A watan Agustan 2005 ambaliya ta karya gadar Nukkai, aka rasa rayuka da dama. Har yau ana gini a gaɓar kogunan Lamurde da Mayo Gwoi, shara na toshe magudanai, buhunan gawayi na shigowa gari daga dazuzzukan maƙwabta.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Aiwatarwar tana tafiyar hawainiya. Duk da haka, ciyaman da kansilolinsa na iya fara abin da bai buƙatar izinin Abuja: su zauna da hakimai, dagatai, arɗo-arɗo da sarakunan farauta a shata kurmin da ba za a taɓa ba, a buɗe wurin renon dashe, a kuma ware wa malaman daji kuɗin mai a kasafin shekara mai zuwa.