Jini a Bakin Aswaki

(Kiɗan buɗe shiri, sai ya lafa a hankali)

Gaisuwa ta musamman ga masu kama mu daga Anka da Gummi da Bukkuyum da ƙauyukan da ke kewaye da su. Da tambaya zan buɗe shirin yau. Malam, da ka yi aswaki da asubar nan, ka dubi bakinsa kuwa? Uwargida, kumfar man goge bakin da kika tofar, fara ce tas, ko da ɗan ja-ja a cikinta?

Da yawanmu mun ga jinin nan har mun saba da shi. Wani ya ce aswakin ne ya yi tauri, wani ya ce zafi ne ya taso masa. To lafiyayyen dasashi ba ya zubar da jini don an goge shi.

Ga yadda abin yake. Kullum akwai wata dauɗa mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi, kuma cike take da ƙwayoyin cuta. In an goge ta yau, shi ke nan. In aka bar ta kwanaki sai ta daskare ta kama haƙori kamar ƙanzo a gindin tukunya. Daga nan aswaki da buroshi sun gama nasu, sai ƙarfen ma'aikacin haƙori. Da fari dasashi zai yi ja, ya kumbura, ya riƙa jini, kuma a wannan gaɓar ana warkewa sarai. In aka yi sakaci, dasashin zai fara sakin haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu, mugunya ta taru, baki ya yi wari, ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori ya shiga zaizayewa kamar yadda gulbin Zamfara ke cin gaɓarsa da damina. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Abin da ya fi ba ni tsoro da ciwon dasashin nan shi ne yakan yi shekaru bai yi zogi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2022, ta ƙiyasta cewa wajen mutum biliyan 1 ne ke ɗauke da mai tsananinsa.

Ina da kawu, Allah ya ƙara masa lafiya, wanda a da ba ya rabo da goro. Shekara da shekaru yana fama da jinin dasashi, maganinsa kullum ɗaya: ya aiki yaro kemis a sayo kafso, kumburi ya saɓe, ya ce ya warke. Ranar da ya yarda muka kai shi asibiti, haƙoransa na gaba suna girgiɗi kamar turken da aka kafa a yashi. A can ne ma aka gano yana da ciwon suga, wanda shi da ciwon dasashi kowanne ke ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Har yau in na ga yana daka goro kafin ya ci, raina yakan sosu, domin na san aikin da aka yi masa a makare ba mai wuya ba ne.

(Kiɗa kaɗan)

To mutum ya yanke shawarar neman magani. Ina zai dosa, asibitin gwamnati ko na kuɗi?

A Kano ko Kaduna wannan tambaya ce ta tsallaka titi. A yammacin Zamfara kuwa tambaya ce ta kuɗin mota da wunin da za a rasa a gona ko kasuwa, da kuma hanya. Duk wanda ke bin titin Mayanchi zuwa Anka zuwa Daki Takwas ya san ba a fita sai da addu'a da sauraron labarin abin da ke gaba. Shi ya sa shawarata ita ce a fara da gida. Je ka babban asibitin garinku ka yanki kati, ka tambayi ɓangaren haƙori. Kankare dauɗar nan ba lalle sai babban likita ba, akwai ma'aikatan da aka horar musamman domin wankin haƙori. In aikin ya fi ƙarfinsu, ka nemi takardar turawa zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Kada ka taso ba takarda, tana rage maka yawo tsakanin tagogi.

Amfanin asibitin gwamnati a bayyane yake. Kuɗinsa ya fi sauƙi, kuma komai na ƙarƙashin rufi ɗaya: a auna maka suga, a ɗauki hoton haƙori, in akwai mai juna biyu a haɗa ta da masu awo, tunda ciki ma yakan sa dasashi kumburi. Ma'aikacin gwamnati mai inshorar lafiya ya tambaya tun a tagar kati ko wankin haƙori na cikin abin da aka ɗauke masa. Wahalar asibitin gwamnati ma ba ɓoyayya ba ce. Layi, da dawo gobe, da rashin wuta, da yajin aiki. Ga mutumin da ya taso daga ƙauyen Bukkuyum tun da duku-duku, "dawo gobe" na nufin kuɗin mota biyu da neman wurin kwana.

Nan ne asibitin kuɗi ke da ranarsa. Lokaci kake saye. A ba ka rana da sa'a, a gama maka a zama ɗaya ko biyu, ka juya gida da hasken rana. Mai tsananin ciwon dasashi yana buƙatar komawa bayan 'yan watanni a sake dubawa, don haka in mutum ya lissafa kuɗin zirga-zirga, wani lokaci na kuɗin ne ya fi araha. Amma ƙyallin tayil da sanyin na'ura ba su ne magani ba, kuma sau da yawa likitan da za ka gani can da yamma shi ne wanda ke asibitin gwamnati da safe. Kafin ka zauna a kujera, ka yi tambaya, ba rashin kunya ba ne. Likitan yana da rajista da majalisar likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa? Yaya ake dafa ƙarafan bayan kowane mutum? Wannan kam kada ka ji nauyinta, domin ƙarfen da ya taɓa jinin wani yana iya kawo maka ciwon hanta. Sai kuma kuɗi: a faɗa maka na aikin duka, har da dawowa. In ka shiga wuri, ba a sa ɗan siririn ƙarfe an auna zurfin ramin dasashinka ba, aka fara da maganar cire haƙori ko sa na roba, ka tattara hularka ka nemi wani.

Wata magana da nake yawan ji ita ce wai wankin haƙori yana sa haƙori ya yi giɓi ya yi sako-sako. Giɓin dama yana nan, dauɗar ce ta cike shi. Za a ji tsami-tsami in an sha ruwan sanyi na 'yan kwanaki, sai ya wuce. Ruwan ɗumi da gishiri yana taimakawa, kanumfari yana rage zogi, amma ba ɗayansu da ke ɓamɓare ƙanzon. Masu cire tsutsar haƙori a kasuwa kuwa, babu tsutsa a haƙori. Mai shan sigari ya ƙara kula, domin taba tana ɓoye jinin, ciwon kuma yana ci a ƙasa.

(Kiɗa kaɗan)

Akwai wurare biyu da ba na son a tsaya auna gwamnati da kuɗi.

Na farko dalma. Mutanen Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma ba sa buƙatar a tuna musu 2010, shekarar da gubar dalma daga dakan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum. Tun 1840 wani likita a Ingila, Henry Burton, ya bayyana cewa dalma takan bar wani siririn layi shuɗi-shuɗi mai duhu a bakin dasashi. Mai aikin haƙar zinariya da ya ga irin wannan, ga ciwon ciki da kasala, gwajin jini yake buƙata a asibitin gwamnati, wankin haƙori ba zai fitar da gubar ba. Rashin ganin layin kuma ba shaidar tsira ba ce.

Na biyu, iyaye mata, ku matso kusa da rediyo. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, wanda ya rame, ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi ba, in dasashinsa ya fara gyambo, bakinsa na wari ƙwarai, kunci ya kumbura, wannan na iya zama ciwon noma, wanda wasu ke ce wa ciwon iska. Cikin kwanaki yake cinye leɓe da kunci. In ba magani, yakan kashe kusan 9 cikin 10, amma in an kama shi da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi. A Sakkwato akwai Asibitin Yara Masu Ciwon Noma tun 1999, inda ƙungiyar likitocin MSF ke taimakawa tun 2014, kuma ba a biyan kuɗin magani. Najeriya ce ta jagoranci kiran da ya sa a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Kada a jira tafiyar Sakkwato kafin a fara, a kai yaron asibiti mafi kusa a ranar da aka gani. Yau da daddare, kafin a kwantar da yara, a haska tocila a ɗaga leɓen kowanne a duba.

A nan za mu dasa aya. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kiyaye matafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)