Shirya Kayan Tafiya a Jirgin Sama: Abin da Matafiyin Maraɗi Ya Kamata Ya Sani

Kayan tafiyar jirgin sama sikeli ke musu hukunci, kuma a nan suka bambanta da kayan mota. Mutumin Zariya ta Maraɗi, ko Tibiri, ko Jiratawa, wanda ya saba a ɗaure masa buhu a kan bas bayan ɗan ciniki da yaran tasha, yakan iske wata doka dabam idan ya isa filin jirgin Diori Hamani a Yamai, ko na Malam Aminu Kano, inda masu zuwa hajji, umara ko fatauci daga wannan yanki sukan tashi. Kamfanoni da yawa suna ba mai tikitin talaka akwati ɗaya ko biyu na kilo 23 kowanne, da jakar hannu ta wajen kilo 7, amma abin da aka rubuta a jikin tikiti shi ne abin bi. Akwati guda kuwa ba ya wuce kilo 32 ko da an yarda a biya ƙari, saboda mutane ne ke ɗaga shi da hannu.

Don haka aikin farko shi ne awo tun daga gida. Sikelin mai sayar da hatsi a kasuwa ya isa. Wanda ya bari sai gaban ma'aikata yakan ƙare a durƙushe a tsakar fili, akwati a buɗe, yana fidda ƙullin kuka da daddawa a idon jama'a, alhali ɗan rakiyar da zai mayar da su gida ya riga ya juya.

Jakar hannu ita ce wurin duk abin da ɓatansa zai tsayar da tafiya: fasfo, biza, katin rigakafin shawara da na sanƙarau, kuɗi, waya, da maganin da likita ya rubuta, a cikin kwalinsa tare da takardarsa. Ya kamata a ƙara tufafi kala ɗaya, domin akwati kan makara kwana ɗaya ko biyu. Alhajin da jirginsa zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, haraminsa ma a nan ya dace ya kasance, tun da a sararin sama ake ƙetare miƙati. Harami a cikin akwatin da ke ƙarƙashin jirgi ba shi da amfani a wannan lokaci. Batirin cajin waya shi ma a hannu ake riƙe shi, saboda yana iya kama wuta, kuma sai a inda ake ganinsa za a iya kashe ta. Almakashi, reza da wuƙa kuwa babban akwati suke shiga. Tun 2006 aka taƙaita abu mai ruwa a jakar hannu ga mazubin da bai wuce mililita 100 ba, wanda ke nufin kwalbar turare babba, ko zuma, ko man shanu, a wurin bincike za su tsaya.

A cikin akwati, masu nauyi suna zama a ƙasa wajen tayoyi, tufafi a naɗe su tam, abin fashewa a tsakiyarsu. Busasshen zogalen Jiratawa da yaji da garin kuɓewa suna son leda biyu a ɗaure, in ba haka ba shadda ta kwashi ƙamshin miya har ƙarshen tafiya. Kowace ƙasa tana da dokarta kan abinci, musamman nama, sai a tambaya kafin a sayi kilishi. Goro kuwa Saudiyya ta hana shiga da shi. A rubuta suna da lambar waya a waje da cikin akwati, a ɗaura masa ƙyalle mai launi, don baƙaƙen akwatuna kamarsu ɗaya a kan bel.

Abin da ya fi wuya a ƙasar Hausa shi ne saƙo. Maƙwabci ya kawo ƙulli a kai wa ɗansa a Makka, kunya ta hana a kwance. Wannan kunyar tana da tsada, domin safarar ƙwaya a Saudiyya hukuncinta na iya kaiwa ga kisa, kuma wanda sunansa ke jikin kaya shi ake kamawa. A ƙarshen 2018 an tsare wata ɗaliba 'yar Najeriya a Saudiyya saboda jakar taramol da wasu suka liƙa wa sunanta a filin jirgin Kano ba da saninta ba, sai a 2019 aka sake ta bayan bincike. Saboda haka duk saƙo a buɗe shi gaban mai shi, a ƙirga akwatunan da aka auna, a tabbatar yawan 'yan takardun shaidar da aka bayar ya yi daidai da su, a kuma adana su. Da su ake neman kaya idan bai fito ba, kuma ana kai ƙara ne tun kafin a bar filin jirgi.

Sai batun komowa. Tsarabar dabino, darduma, tasbaha da jallabiya ita ke cika awo, don haka mai dabara yakan tafi da akwati rabi. Ruwan Zamzam ba a saka shi a akwati. Galan ɗaya na lita 5 da aka rufe a kwalinsa ake ɗaukar wa mahajjaci dabam.