Wa Zai Iya Riƙe Motar Sukuwa Gobe?

Ranar da na fara ganin motar Yaya a Landan, dariya na yi. Mutumin da ya kai shekara goma yana aiki a Turai, na zaci zan tarar da jibgegiyar mota irin wadda ake zuwa ɗaurin aure da ita a Kano. Sai ga wata 'yar ja mai kujera biyu, rufinta na tamfol, tsayinta bai wuce ƙuguna ba. Na ce, "Yaya, wannan ai akwatin ashana ce." Ya ce, "Shiga dai, ƙanena, ka ajiye surutu."

Mazda MX-5 ce, ƙirar 1998, ya saye ta hannu na uku a kuɗin da bai kai fam 2,000 ba. Zama a cikinta kamar zama a kan tabarma ne. In ka miƙa hannu ta taga sai ka ga kamar za ka taɓo kwalta. Ya ɓalle maɓalli biyu ya tura rufin baya da hannu ɗaya, muka fita ƙauyukan kudancin birnin, inda hanya ke lanƙwasa kamar maciji tsakanin shingayen gonaki. Sandar giya gajeriya, yana taɓa ta da 'yan yatsu tana faɗawa. A kowace kwana ina jin taya tana kama ƙasa ta cikin kujerar da nake zaune. Na rantse muna gudun kilomita 150 ne, da na leƙa allo sai na ga ko 80 ba mu kai ba.

Irin waɗannan motoci ni motar sukuwa nake ce musu, don ba a yi su domin ɗaukar iyali ko buhun masara ba, an yi su ne domin daɗin tuƙi kawai. Su ma Japanawan da suka ƙera ta da doki suka kwatanta ta: suna da wata tsohuwar magana da ke nufin mahayi da dokinsa sun zama jiki ɗaya, kuma a kanta Mazda ta gina motar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan Daushe ya ga mahayi ya sako doki a guje ya ja linzami ya tsaya cak a gaban sarki, ya san abin da ake nufi.

An fara nuna MX-5 a Shikago a 1989, ana sayar da ita dala 13,800, nauyinta bai kai tan ɗaya ba, injinta mai ƙarfin doki 116 kacal. A 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya, kuma babu wata mota mai kujera biyu da buɗaɗɗen rufi da ta taɓa samun kasuwa haka. Sirrinta abu biyu ne: ba ta da nauyi, ba ta da tsada. Mota mara nauyi ba ta buƙatar babban inji, ba ta cin taya da birki, ba ta shan mai. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya na iya riƙe ta.

To, Yaya ya sayar da tasa a ƙarshen 2023. A watan Agustan shekarar hukumar birnin Landan ta faɗaɗa yankin da ake cajin tsofaffin motoci masu hayaƙi ya game dukan unguwanni, fam 12.50 a duk ranar da ka motsa mota. Ya zauna ya buga lissafi: in zai je aiki da ita kwana biyar a mako, kuɗin tarar shekara ɗaya ya zarce kuɗin motar. Ga inshora da ta yi tashin gwauron zabo a Ingila a wannan shekara, ga tsatsa ta fara cin ƙasan motar saboda gishirin da ake watsawa a tituna lokacin sanyi. Ya haƙura.

Wannan matsalar mai tsohuwa ke nan. Ta mai neman sabuwa ta fi ban mamaki, domin kuɗin motar kansa bai wani tashi ba. Sabuwar MX-5 a Amurka tana kusan dala 30,000, kuma in aka yi la'akari da yadda darajar dala ta zaizaye tun 1989, ba ta fi ta farko tsada ba. Abin da ke kewaye da motar ne ya canza. Dubi Faransa: a 2024 duk sabuwar motar da ke fitar da hayaƙin da ya haura gram 193 a kowace kilomita, harajin muhallinta Yuro 60,000 ne. Toyota GR86, wadda ita ce babbar kishiyar MX-5, kuɗinta bai kai Yuro 35,000 ba, amma ta faɗa cikin wannan rukuni. Kuɗin sirdi ya fi na doki kusan ninki biyu.

Kamfanoni ma suna da tasu bulalar. Tarayyar Turai tana auna matsakaicin hayaƙin dukan motocin da kamfani ya sayar, kuma tun 2025 ma'aunin yana wajen gram 94. In matsakaicin kamfani ya haura, zai biya Yuro 95 a kan kowane gram, a kan kowace mota. Ke nan duk motar sukuwa ɗaya mai fitar da gram 200, sai an sayar da mai lantarki fiye da ɗaya kafin a rufe gurbin da ta buɗe. Mai Ferrari ba ya jin wannan a aljihunsa, ribar da ke kan motarsa ta isa ta shanye komai. Motar da ribarta 'yar kaɗan ce ita ke shan wuya. Sannan a Yulin 2024 sabbin ƙa'idojin kariya suka fara aiki a kan duk sabuwar mota: na'urar da ke taka birki da kanta, mai gargaɗin gudu, mai lura ko direba na gyangyaɗi. Abubuwa ne masu ceton rai, ban da ja a kai. Sai dai sake fasalin mota domin su yana cin maƙudan kuɗi, kuma motar da 'yan dubbai kawai ake sayarwa ba ta iya mayar da su. Tun farko Toyota ta ce shekara biyu kawai za ta sayar da GR86 a Turai. Da aka buɗe oda a Birtaniya a 2022, cikin minti 90 kason ƙasar ya ƙare. Masu so suna nan. Lissafi ne ya ƙi.

Daga nan sai jana'iza ta yi ta biyo jana'iza. Ford ta daina ƙera Fiesta a Yulin 2023, mai zafin cikinsu da ake kira ST ta bi ta. Audi TT ta tafi a Nuwamba, Chevrolet Camaro a Disamba. A farkon 2024 Hyundai ta janye i20 N da i30 N daga Turai.

Za a ce ai ga lantarki. Gaskiya ne, lantarki ya mayar da gudu abin banza. MG4 XPower, motar iyali ce mai ƙofa biyar ƙirar Sin, tana kai kilomita 100 daga tsaye cikin daƙiƙa 3.8, abin da a da sai mai miliyoyi ke samu. Ƙaramar MX-5 sai ta haura daƙiƙa takwas. Amma abin da na ji a kujerar Yaya ba gudu ba ne, kuma a nan batir ke da matsala. Kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da makamashin da ya ninka na kilo ɗaya na batir fiye da sau 40. Ko da yake injin fetur yana ɓarnatar da mafi yawan nasa a zafi, tazarar tana nan da yawa. Tankin MX-5 lita 45 ne, cike bai kai nauyin buhun siminti ba. Batirin da zai yi tafiya mai nisa ɗaruruwan kilo ne. Shi ya sa MG Cyberster, mai kujera biyu da buɗaɗɗen rufi, ta kusa tan biyu, kuɗinta kuma wajen fam 55,000, wato ninkin MX-5 a nauyi da farashi duka. Raƙumi na iya gudu, amma ba a sukuwar salla da shi.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne Hyundai Ioniq 5 N. Mota ce mai lantarki, ba ta da giya irin ta inji, amma an sa mata kwamfutar da ke kwaikwayon canjin giya har da fizgar da ake ji, da lasifikar da ke ƙugin inji. Waɗanda suka tuƙa ta sun yaba ƙwarai. Ni dai abin da na karanta a ciki shi ne masu ƙera ta sun san abin da mutane ke kewa.

Akwai 'yan ƙofofi da ba su rufe ba. Honda ta dawo da Prelude a 2025 da haɗin inji da batir. A Mayun 2024 Toyota da Mazda da Subaru suka fito tare suka ce za su ci gaba da ƙera ƙananan injuna masu iya ƙona man da ba na rijiya ba. Lokacin da Tarayyar Turai ta amince a 2023 da dokar daina sayar da sababbin motocin fetur daga 2035, Jamus ta matsa sai da aka bar gurbi domin irin wannan mai, wanda ake haɗawa daga ruwa da iskar kabon ta amfani da lantarki. Porsche ta sa hannu a wata masana'antarsa a kudancin ƙasar Chile da aka buɗe a Disambar 2022. Abin da aka tsara za ta fara samarwa lita 130,000 ne a shekara, kimanin tanka huɗu irin waɗanda ke layi a hanyar Kaduna. Man da ake yi da cokali haka, mai Porsche zai sha, ba mai MX-5 ba. Hasashena shi ne motar sukuwa za ta rayu yadda doki ya rayu bayan zuwan mota: a bargar wanda ke da halin sayen harawa.

Wani zai ce ina ruwanmu, mu da ramukan titi ke haɗiye ƙaramar mota. Ruwanmu kuwa akwai. Motocinmu ai saura ne daga Turai da Amurka, ta Kwatano da Legas suke shigowa bayan shekara goma ko sha biyar. Tsofaffin BMW da samari ke wasan mota da su a bayan gari, suna murza taya har hayaƙi ya turnuƙe, irin waɗanda aka ƙera da yawa ne a can kafin su tsufa su iso mu da arha. Abin da ba a ƙera ba bayan 2023 ba zai sauka a Kwatano a 2035 ba. Na Ingila da Japan kuwa sitiyarinsu a dama yake, doka ba ta yarda da su a titunanmu ba.

Da ma tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Bakanikena a Kano yana da wata tsohuwar BMW mai ƙofa biyu da giyar hannu, wadda ya shekara uku yana tattaro kayanta ɗaya-ɗaya daga Ƙofar Ruwa. Da na je garejinsa kwanan baya na tarar an lulluɓe ta da leda a ƙarƙashin dalbejiya, kaji suna kwana a inuwarta. Na ce, "Maigida, ko ta lalace ne?" Ya ce, "Lafiyarta ƙalau, Malam. Duk Juma'a bayan masallaci ina zuba mata lita biyu in tayar da ita, in taka totur yara su ji muryarta, sannan in kashe." Ya nuna mini babur ɗin da yake zuwa aiki da shi, jingine da bango.